Ja da Kore a Kan Bencin Gyara

A shekarun da na fara koyon gyaran kwamfuta a Kano, wajen 2003, mafi yawan masu shigowa shagonmu ba ruwansu da katin girafik. Mai shagon buga takardu, sakataren makaranta, ɗan kasuwa mai son lissafi, ɗan abin da ke manne a jikin bod ya ishe su. In dai Word ta buɗe, firinta ta amsa, magana ta ƙare. Masu neman kati na daban su ne masu gidan gem, masu zanen gine-gine da AutoCAD, sai editocin fim na Zoo Road. Ba su da yawa, amma su ne ke kawo kuɗi mai kauri, su ne kuma ke zama kan benci su yi ta musu har a kira la'asar.

Kayan daga Legas suke zuwa, daga Computer Village ta Ikeja, cikin motar dare. Kusan duk na hannu ne, an ciro su daga kwamfutocin da Turai da Amurka suka gama yayi. Ba kwali, ba takarda, ba faifan direba. Aikina shi ne in hure ƙura, in goge haƙoran katin da abin goge fensir, in soka shi a ramin AGP, in ga ko zai kawo hoto. Wanda ya kawo a rubuta masa farashi da biro a kan farin salatif, wanda ya ƙi a jefa shi kwalin da muke cirar fanka.

Maigidana mutumin 3dfx ne, kamfanin da ya riga ya mutu kafin in zo shagon. A durowar teburinsa akwai wani Voodoo3 naɗe cikin leda, ba na sayarwa ba. In hira ta yi daɗi sai ya ciro shi ya ɗaga, ya ce, "Kai yaro, ka ga wannan? A zamaninsa ba a haɗa shi da kowa." Yabon ya fi dacewa da magabatan katin, Voodoo na farko na 1996 da Voodoo2 na 1998, waɗanda suka fara nuna wa masu wasan kwamfuta hoto mai zurfi da ke tafiya sumul. Sai dai ƙarfin 3dfx ba a jikin ƙarfen kaɗai yake ba. Tana da hanyarta ta kanta da wasa ke bi ya yi wa kati magana, sunanta Glide, kuma ba katin da ke jin ta sai Voodoo. Masu rubuta wasanni suka rungume ta don ta fi sauri a lokacin, mai saye kuma ya gane cewa in yana son wasansa ya fito yadda aka tsara shi, ƙofa ɗaya ce.

A bakin maigida, Nvidia ce ta kashe 3dfx, kuma bai yafe ba. Labarin ya fi haka tsawo. A ƙarshen 1998 3dfx ta sanar za ta sayi STB, mai masana'antar harhaɗa kati, ta daina sayar wa irin su Creative da Diamond cif ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar katin. Wai ita za ta ƙera, ita za ta sayar, riba ta kwana a gida. Waɗanda ta sallama suka kwashi dillalansu da kasuwarsu suka koma wajen Nvidia. Direct3D na Microsoft da OpenGL, waɗanda kowane kati ke iya ji, suka girma suka danne Glide. A Disambar 2000 Nvidia ta saye abin da ya rage. Ban taɓa iya faɗa wa maigida ba, don ba huruminmu ba ne, amma kulle mai saye da manhaja da yake zagin wasu a kai, gwaninsa ne ya fara koya wa kasuwar.

Tunda maigida ba ya son ganin kore, launin Nvidia, sai ya koma wa ja, wato ATI ta ƙasar Kanada mai katin Radeon. Babban yaron shagon kuwa, wanda nake kira Yaya, kore ne har zuci. Ni ne ƙarami, don haka ni ake ba kuɗin awa ɗaya a aika ni kafe in bugo musu shafukan Tom's Hardware da AnandTech. In dawo da takardu cike da dogayen sanduna masu launi, su baje su kan benci, a ture kwamfutar mutane gefe.

Lokacin maigida ne ke kan doki. ATI ta fitar da Radeon 9700 Pro a 2002, amsar Nvidia kuma, GeForce FX 5800 Ultra, ta makara, da ta iso a farkon 2003 sai ga ta da fanka mai ƙarar da duniya ta yi ta yi mata dariya. Yaya ya sha tsiya. Can sai sababbin direbobin Nvidia suka fito, makin katunanta a 3DMark03, manhajar da kowa ke awon ƙarfin kati da ita, ya yi tsalle. Yaya ya ajiye takardar gaban maigida cikin ladabi, ya ce, "Maigida, Allah ya ba ka haƙuri, amma lamba ba ta ƙarya."

A watan Mayun 2003 Futuremark, masu manhajar, suka fito da bayani cewa direban yana gane lokacin da ake gwada shi. In ya ga 3DMark ce, sai ya daina zana abin da ya san kyamarar gwajin ba za ta kalla ba, ya musanya lissafi mai nauyi da mara nauyi. Da suka sauya manhajar yadda direban ba zai gane ta ba, makin FX 5900 Ultra ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na ATI ma ya ɗan sauka, da abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, alamar ita ma ta ɗan taɓa. Bayan 'yan kwanaki Futuremark ta sassauta harshe bayan ta zauna da Nvidia, ta daina kiran abin maguɗi. Yaya bai tsaya kare gwaninsa ba, kafe ya aike ni in nemo masa tsohon labari na 2001, lokacin da aka gano direban Radeon 8500 yana rage kyan hoto in ya ga sunan Quake III, don ya samu gudu. Masu gwaji suka sauya sunan wasan daga Quake zuwa Quack, gudun ya ragu, hoton ya gyaru. Aka tashi kowa da takardarsa a hannu, ba wanda ya motsa daga inda yake.

Abin dariyar shi ne, daga 9700 Pro har FX 5800, babu wanda ya taɓa hawa bencinmu a lokacin. Kuɗin guda ya isa a haɗa wa mutum kwamfuta ta hannu sukutum. Abin da muke sayarwa su ne GeForce4 MX 440, FX 5200, Radeon 7000 da 9200, ƙananan kaya. Shi MX 440 ma sunansa ya fi shi girma. Lamba 4 ce a goshinsa, amma cikinsa tsarin GeForce2 ne da aka yi wa kwaskwarima, ba shi da sashen da sababbin wasanni suka fara nema, har John Carmack, mai injin Doom da Quake, ya gargaɗi mutane kada su saye shi don Doom 3. Duk da haka ya sayu ba kama hannun yaro, don mai saye suna yake ji.

Muna nan muna tada jijiyar wuya, ashe manyan can suna gaisawa. A 2006, shekarar da AMD ta sayi ATI a kan kimanin dala biliyan 5.4, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta nemi takardun Nvidia da AMD kan zargin haɗa baki wajen tsayar da farashi. Masu saye ma suka shigar da ƙara a Kalifoniya, inda aka karanta wasiƙun imel da manyan jami'an ɓangarorin suka yi wa juna, ciki har da mai nuna sha'awar su riƙa aiki tare. Gwamnati ta rufe bincikenta a 2008 ba ta tuhumi kowa ba, ƙarar masu saye kuma aka sasanta ta a kan dala miliyan 1.7, kowanne ya biya rabi, ba wanda ya amsa laifi. Don haka ba zan ce an kama su ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, ganin mutanen da muke ɓata da juna dominsu suna da adireshin juna. Yau ma shugabannin kamfanonin biyu, Jensen Huang da Lisa Su, dukansu haifaffun Taiwan, 'yan'uwa ne na jini, hedikwatocinsu kuma a gari ɗaya suke, Santa Clara. Wannan ba laifi ba ne, zumunci ne, na dai faɗa ne don masu zagin iyayen juna a intanet su sani.

A watan Yunin 2008 na ga abin da gasa ta gaskiya ke yi wa farashi, ban kuma sake ganin irinsa ba. Lokacin na samu 'yanci, ina da ɗan bencina. Nvidia ta fitar da GTX 280 a kan dala 649, GTX 260 a kan 399. Ba a yi sati biyu ba AMD ta sako Radeon HD 4870 a kan dala 299, ga shi yana kafaɗa da kafaɗa da GTX 260, wani wurin ma ya wuce shi, ga kuma ƙaninsa HD 4850 a kan 199. Kafin watan Yuli ya ƙare GTX 280 ya sauko zuwa 499, GTX 260 ya dawo 299. Dala 150 ta zube daga kan kati ɗaya ba tare da an canja ko dunƙulen guda a jikinsa ba. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Dala kuwa lokacin tana wajen naira 118, don haka ko mu nan ragin ya iso mu, ko da a makare.

Shekara ta zagayo, AMD ta sake riga. HD 5870 ya fito a Satumbar 2009, na farko mai DirectX 11, Nvidia ba ta amsa ba sai Maris ɗin 2010, da GTX 480 mai shan wat 250, mai zafin da ke haura digiri 90 in yana aiki. Duk wanda ya san shago a Kano cikin watan Afrilu, rufin kwano, ba iyakwandishan, ƙaramin janareta yana nishi a ƙofa, ƙurar hunturun da ta wuce ta toshe fanka, ya san wane kati ya kamata ya ci kasuwarmu. A duniya AMD ta ɗan farfaɗo a wannan shekara. A benci na kuwa, mutum zai shigo ya ce, "Malam, Nvidia nake so," kafin ya faɗi aikin da zai yi da shi.

Na daɗe ina juya dalilin, kuma ba na jin soyayya ce. Mu masu gyara ne muka riƙa ɗaukar wannan biyayya daga hannu zuwa hannu, kuma da hujjarmu. An riga an san maganar da ke yawo tun zamanin ATI, wai direbansu yana da matsala. Akwai lokacin da maganar ke da tushe, akwai lokacin da ta zama gado kawai, amma mai shago ba ya cin abinci da tantance wannan. In ka sa wa mutum GeForce kwamfutarsa ta tsaya, zai ce wuta ce, ko Windows, ko bairos. In ka lallashe shi ya karɓi Radeon, to daga ranar duk abin da ya same ta naka ne, ko da ram ne ya lalace, ko fawa fak ta ƙone. Zai dawo da ita a bayan babur ya ce, "Ai kai ka ce in saya." Sunanka kuwa shi ne jarinka. Sai ka ba shi abin da ya tambaya, ya tafi, ya gaya wa abokinsa abin da ƙwararre ya sa masa. Da za a mayar da ni wancan benci yau, da wuya in yi wani abu daban.

Amma tsoron mai gyara ba daga sama ya faɗo ba, akwai masu yi masa ban ruwa. A 2008 Nvidia ta sayi Ageia, masu PhysX, fasahar da ke sa hayaƙi, tarkace da yadi su yi motsi irin na gaske a cikin wasa, ta mayar da ita aikin katunan GeForce. Masu dabara suka gano za su iya sa Radeon ya zana hoto, su soka tsohon ƙaramin GeForce a rami na biyu ya ɗauki PhysX. A 2009 direban Nvidia ya rufe wannan ƙofa: muddin ya ga katin wani kamfani ne ke zana hoto, sai ya kashe PhysX a kan GeForce ɗin. A lura, katin nasu ne, mutum ya biya kuɗinsa cif, abin da ya yi kawai shi ne ya haɗa shi zama da na wani. Nvidia ta ce ba za ta iya tabbatar da ingancin irin wannan haɗi ba, ta kuma ambaci dalilan kasuwanci. Na biyun ne na yarda da shi. A shekarar ne kuma Batman: Arkham Asylum ya fito da zaɓin gyara karkacewar layukan hoto wanda ba ya bayyana sai ga mai GeForce, alhali in aka yaudari wasan ya ɗauka Radeon ɗin GeForce ne, sai ga abin yana aiki.

Waɗannan duk na 'yan gem ne. Abin da ya ɗaure kasuwar Kano tamau daga wajen editoci ya zo. Tun ƙarshen 2006 Nvidia ta fito da CUDA, hanyar sa katin girafik ya yi lissafin da ba na zanen wasa ba. Shekaru ba wanda ya damu da ita a wajenmu. Sai Adobe ta fitar da Premiere Pro CS5 a 2010, da injin da ta kira Mercury, wanda ke jingina nauyin aikin a kan kati, ta CUDA kaɗai. Mutanenmu ba su koma CS5 nan take ba, don tana buƙatar Windows mai bit 64, da yawa kuma sun saba da tsofaffin Premiere, wasu da Vegas. Amma da kyamarorin Canon masu ɗaukar HD suka shigo harkar fim, fayil ya yi nauyi, renda ta koma kwana, furodusa yana tsaye a kai yana jiran mastar da zai kai kasuwa, wuta kuma ba ta da alƙawari, sai kowa ya fara tambayar abin da zai rage masa awanni.

Jerin katunan da Adobe ta amince da su gajere ne, GTX 285 da wasu Quadro masu tsadar da ba mai ɗauka a nan. Sai aka gano jerin ba a ɓoye yake ba, wani ɗan fayil ne na rubutu a cikin jakar manhajar. Ka buɗe shi da Notepad, ka ƙara sunan katinka daidai yadda kwamfuta ke kiransa, ka adana. In GeForce ne mai isasshen ram, sai zaɓin da ke dushe ya haska. Wannan layi ɗaya ya sha sama mana kuɗin shayi, editoci suna kallonka kamar ka yi wani siddabaru. Ga mai Radeon kuwa babu layin da za a rubuta, don katinsa ba ya jin CUDA ko kaɗan, komai ƙarfinsa. Sai a 2013 Premiere ta Windows ta fara amfani da katunan AMD ta hanyar OpenCL. Kafin nan magana ta riga ta zauna: mai editin sai Nvidia. Edita ya gaya wa yaronsa, yaron ya buɗe nasa sutudiyo ya gaya wa nasa. Har yau ina jin ta a bakin samarin da ba su taɓa ganin CS5 ba.

A nan dole a raba abu biyu, don masoya ja sukan cakuɗa su. CUDA gumin Nvidia ce. Ta zuba kuɗi a kanta shekaru lokacin da ba ta kawo riba, ta kai wa jami'o'i, ta tura injiniyoyinta su zauna da masu rubuta manhaja. AMD ta tsaya tana yabon OpenCL, cewa ta kowa ce, amma ba ta yi mata irin wannan hidima ba, abin kowa kuma sau da yawa ba shi da mai kula. Wanda ya gina abu mai kyau mutane suka bi shi bai zalunci kowa ba. Kashe PhysX don an ga katin wani kuwa bai ƙara wa mai GeForce komai ba, rage wa mutum kawai ya yi. Abin da ya sa shari'ar wannan kasuwa ke da wuya shi ne kamfani ɗaya ne ke yin duka biyun, kuma kyan na farko ne ke sa a yafe masa na biyu. Haka aka ci gaba da HairWorks, fasahar Nvidia ta zana gashi, a wasan The Witcher 3 a 2015, da G-Sync, wanda ya sa monita ma ta zama ta ɓangare har Janairun 2019, lokacin da Nvidia ta yarda katunanta su yi aiki da monitocin FreeSync na AMD.

GTX 970 ne ya nuna mini iyakar haƙurin masoyi, ko in ce rashin iyakarsa. Ya fito a Satumbar 2014 a kan dala 329, an rubuta masa ram gigabait 4. A Janairun 2015 aka gano 3.5 ne ke gudu yadda ya kamata, sauran rabin yana kan hanya mai jan ƙafa, wasu alƙaluman cikinsa ma da aka ba masu sharhi ba daidai ba ne. Nvidia ta ce rashin fahimta ne tsakanin injiniyoyi da masu talla. An kai ƙara, a 2016 aka sasanta a kan dala 30 ga kowane mai saye, a Amurka. Katin kuwa ya zama wanda ya fi kowane yawa a ƙididdigar Steam, kasuwar wasannin kwamfuta. Kati ne mai kyau a kuɗinsa, wannan gaskiya ne, kuma ita masoyansa suka riƙe. Da AMD ce ta yi haka, da har yau ana ba yara labari a shagunan gyara.

Sai 2018. Masu karatu da yawa ba su san cewa Nvidia da AMD ba su ne ke harhaɗa yawancin katunan da ake saye ba. Cif suke sayarwa ga irin su ASUS, MSI da Gigabyte, su kuma su ɗora fanka da ram su buga sunansu. Kowannensu yana da tambarin da ya yi shekaru yana ginawa don 'yan gem, kamar ROG na ASUS, kuma yana sa shi a kan ja da kore duka. A watan Maris wani ɗan jarida, Kyle Bennett na HardOCP, ya buga labarin wani shiri mai suna GeForce Partner Program. Bai ɓoye cewa AMD ce ta fara kawo masa zancen ba, amma ya bi diddigi da kansa. Abin da ya samo shi ne, mai son shiga shirin sai ya keɓe tambarinsa na 'yan gem ga GeForce kaɗai, wanda ya ƙi kuma zai rasa tallafin talla, da ganin sabon cif da wuri, da kasancewa cikin na farko ranar fitowa. Ɗan Kantin Kwari zai gane wannan nan take: babban dila ne ya ce maka in kana son atamfarsa ta riƙa iso maka da wuri, to gaban shago nasa ne, kayan wani ka kai su lungu, alhali da guminka ka gina shagon. Ba a rubuta cewa za a hana ka kaya ba, ba kuma sai an rubuta ba.

Nvidia ta ce manufarta mai saye ya san abin da yake saye. Kamfanonin suka yi gum, amma aikinsu ya yi magana: a watan Afrilu ASUS ta ƙirƙiro wani sabon suna, AREZ, ta kwashe katunan Radeon daga ROG ta zuba a can. Surutu ya yi yawa, aka fara maganar hukumomi, ranar 4 ga Mayu Nvidia ta soke shirin, tana cewa jita-jita ta yi yawa. Ba kotu ce ta tsayar da shi ba, rubutun mutum ɗaya ne da hayaniyar masu saye. Ina ganin shi ya sa a Disambar 2020 aka gwada taɓa masu sharhin kansu, lokacin da Nvidia ta gaya wa Hardware Unboxed, 'yan Ostareliya masu gwada kati a YouTube, cewa ba za ta ƙara aiko musu nata katunan gwaji ba, don ba sa ba fasaharta ta bin haske muhimmancin da take so. Cikin 'yan kwanaki ta janye ta ba da haƙuri. A Satumbar 2022 kuma EVGA, wadda ta shekara fiye da ashirin ba ta harhaɗa na kowa sai na Nvidia, ta ce ta gaji, har farashin sabon kati ba ta sani sai ranar da duniya ta ji. Ba ta koma AMD ba, barin sana'ar ta yi ɗungurungum, duk da cewa ita ce ke kawo mata mafi yawan kuɗin shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka ja waliyyi ne. FreeSync da FSR na farko, fasahar AMD ta ƙara wa wasa gudu, a buɗe suke ga kowa, amma mara ƙarfi ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofa. Da AMD ta samu dama a Starfield a 2023, wasan da ta ɗauki nauyinsa, sai ga shi ya fito da FSR ɗinta ba takwaransa DLSS na Nvidia. Ta ce ba ta hana kowa ba, aka ƙara DLSS bayan wata biyu, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Farashinta kuma ta daɗe da daina irin na 2008, sai ta jira Nvidia ta faɗi nata ta ɗan rage kaɗan. Akwai kuma wasu masoyan nata da na fi sani, don sun sha zama a bencina: masu addu'ar Allah ya ba AMD sa'a ta fito da kati mai ƙarfi, don GeForce ya yi araha su saya.

A ƙididdigar Jon Peddie Research ta farkon 2024, Nvidia ce ke da kashi 88 cikin ɗari na katunan da ake sokawa a kwamfutar tebur, AMD 12, Intel da ta shigo da Arc a 2022 ba a ma ganin ta. Babban katin 2017, GTX 1080 Ti, dala 699 ne, RTX 4090 na 2022 kuwa 1,599, dala kuma ta haura naira dubu. Hukumomi sun farka. Ta Amurka ta shigar da ƙara kan yunƙurin Nvidia na sayen kamfanin Arm a kan dala biliyan 40, cinikin ya rushe a Fabrairun 2022. Ta Faransa ta kai samame ofishinta a Satumbar 2023, ta Sin ta buɗe nata binciken a Disambar 2024. Amma hankalinsu yana kan manyan cif na ƙirƙirarriyar basira ne, ba kan ɗan gem ko editan Zoo Road ba. Nijeriya ma ta samu dokar gasa da kare masu saye a farkon 2019, sai dai katin da ya biyo ta hannu uku kafin ya iso Ikeja ba shi da wanda za a kira a tambaya.

Abin da ya fi cika kasuwar na hannu bayan Satumbar 2022 katunan masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana, ja da kore duka, kuma na jan sun fi araha nesa ba kusa ba. Masu zuwa nema yanzu ɗalibai ne, daga BUK, daga Wudil, wasu daga Zariya, masu son horar da ɗan ƙaramin tsarin basira don aikinsu na ƙarshe. Nakan nuna musu Radeon mai ram mai yawa a kuɗin da ba zai sayi GeForce mai irinsa ba. Sai yaron ya duba wayarsa, ya nuna mini umarnin da ya kwafo, layin farko yana neman CUDA. Ya ce, "Baba, wancan fa nawa ne?" Ni kuma in tambayi yadda dala ta kwana kafin in ba shi amsa.